Jan Biro Ya Zo Koyon Zane

Asabar, 6 ga Satumba

Sabon zango ya fara. Ɗalibai manya kamar kullum: Sista mai ritaya wadda hira ke kawo ta, wani tela, 'yan mata biyu da ba sa rabuwa da waya. Sai wani sabo da 'yarsa ta rako har bakin kujera kamar ɗan firamare. Jan Biro.

Shekara da shekaru na yi aikin lauya a ƙarƙashinsa, ban taɓa kai masa takarda ta dawo mini ba tare da ta yi jina-jina da jar tawada ba. Saboda shi na rataye baƙar riga na kama fensir. Yau ga shi ya biyo ni har ɗakin da na gudo.

'Yar ta ja ni gefe. Wai tun da ya yi ritaya ba ya barci, jini ya hau, likita ya ce a nemo abin da zai kwantar masa da hankali. Ta ji ana yabon ajina na zanen natsuwa. Ita ba ta san ni ba. Shi kuwa ya dube ni ta saman gilashi ya ce, "Barista. Ashe nan kika ƙare."

Na ce, "Malama ake ce mini a nan, Yallaɓai."

Ya ce, "To, Barista."

Na sa kowa ya rufe ido ya ja numfashi a hankali. Ni da nake koyar da sakin zuciya, haƙorana har ciwo suke don cizo.

Talata, 9 ga Satumba

Edita na jiran zanen littafin yaran nan, na dodon da ke cinye inuwar mutane. Komai ya kammala sai dodon. Tun Asabar duk layin da na ja sai in ji ana gyaran murya a bayana. Na yaga takardu har kwandon ya cika.

Dole Jan Biro ya bar mini ajina. Ko shi ko hannuna.

Alhamis, 11 ga Satumba

Na gaya wa Mama zuwan Jan Biro ajina. Fuskarta ta washe, ta ce, "Ko dai zuwa ya yi ya mai da ke aiki? Allah Ya sa." Har yau in baƙi suka tambaya cewa take ina hutu.

Asabar, 13 ga Satumba

Tsohon takalmi na ɗora a tebur. Doka ita ce a yi ta kallonsa kafin a taɓa fensir, kuma babu magogi. Jan Biro ya zo da rula. Ya auna takalmin, ya zana wani abu mai kama da akwatin gawa, ya ɗaga hannu.

"Maki nawa?"

"Ba ma ba da maki, Yallaɓai. Me ka gani?"

"Takalmi."

"Me ka ji a ranka?"

Ya dube ni irin kallon da yake wa mai shaidar ƙarya. Wai aikin da ba a gyara ba ai ba aiki ba ne, in nuna masa inda ya yi kuskure. Na yi masa murmushina na malamar natsuwa na ce babu kuskure a ɗakin nan. Na ga yadda abin ya ci shi. Mutumin da ya rayu a kan daidai da ba daidai ba, an hana shi duka biyun. Ban taɓa jin daɗin dokokina irin na yau ba.

Da zai fita ya tsaya gaban allo ya ƙara mini waƙafi.

Laraba, 24 ga Satumba

Dodo har yanzu babu. Na zana wani, ya fito kamar akuya mai mura.

Asabar, 4 ga Oktoba

Yanzu fuska muke koyo, kowane mako ɗalibi guda ya zauna a tsakiya sauran su zana shi. Yau layi ya zo kan Jan Biro. Ya zauna ƙiƙam kamar za a buga shi a jikin kuɗi. Sista ta ce, "Alhaji, saki fuskar mana, ba a kotu muke ba." Ya ce, "Haka aka ba ni ita, Hajiya."

Ina zagayawa ina duba aikin mutane sai abin ya faɗo mini: ga dodona a zaune, kyauta. Na ɗauki gawayi na koma lungu. Hannuna da ya yi wata guda a sanƙare ya kama gudu.

Ashe duk zaman da muka yi ban taɓa kallonsa ba, teburinsa nake kallo. Kunnuwa dogaye, sun saki. Wuyan riga ya yi masa yawa. A ƙarƙashin haɓa akwai inda reza ta tsallake. Maɓalli guda an ɗinka shi da wani zare daban, ɗinkin wanda bai iya ba. Kuma hannunsa na dama yana riƙe da na hagu gam a kan cinya, don na hagun rawa yake. Duk na kwashe. Na ƙara ƙaho da farata. Na dawo gida ina waƙa.

Litinin, 6 ga Oktoba

Edita ta kira. Zanen ya yi kyau, in ji ta, ya fi duk abin da na taɓa kawowa, sai dai fa: "Mun ce ki zana mai cin inuwar mutane, kin kawo mana wanda ba a zuwa gaishe shi. Wallahi ji na yi kamar in zuba masa abinci."

Ba ta san shi ba ne. Wannan mutumin ya taɓa karanta rubutuna da ƙarfi a gaban ofis kaf, yana tsayawa a kowace jimla don a yi dariya.

Asabar, 11 ga Oktoba

Na ce ya sake zama, wai haske bai yi kyau ba wancan makon. Ya ɗauka karramawa ce. Tela ma ya ce, "Malama, son kai ke nan, mu ba mu da fuska?"

Na tsawaita haƙora, na murtuke gira, na zuba baƙi a ido. Hannuwan kuwa duk yadda na juya su sai su koma su riƙe juna. Na gwada ɗaga su sama kamar zai kai cafka, zanen ya mutu nan take. Na mayar.

An tashi, ina wanke hannu a famfo, na juyo na same shi tsaye a gaban allon zanena. Ban rufe ba. Mantuwa ce, ina jin.

Ya daɗe yana kallo. Na shirya, na ma tanadi amsa a kan ƙahon. Bai ce komai game da ƙaho ba. Ya sa yatsa kusa da hannuwan ba tare da ya taɓa ba, ya ce, "Na zaci ba a gani."

Ya cusa na hagun a aljihu ya fita. Ko Barista bai ce ba.

Asabar, 18 ga Oktoba

Bai zo ba. Alhamdu lillahi. Aji lafiya lau, kowa ya ja numfashinsa, babu mai tambayar maki.

Talata, 21 ga Oktoba

Hannu na tafiya kamar da. Na gama shafi biyu kafin azahar. Abin da nake so ke nan, na samu.

Asabar, 25 ga Oktoba

Bai zo ba. Sista ta ce, "Ina mutuminki?" Na ce ba ni na haife shi ba.

Na zagaya ina cewa "me kika gani, me ka ji a ranka," kowa yana ba ni amsa mai daɗi. Tela ya zana kofi kamar tulu, na ce ya yi kyau, ya yarda. Mutanen nan ko allo na zana a juye ba mai ɗaga hannu.

Alhamis, 30 ga Oktoba

Na cire wa dodon ƙaho da haƙora na aika wa edita, na ce in ba ta so ta nemi wani. Ƙahon ne dama bai zauna ba.

Na kira 'yar Jan Biro, don in san ko zan ba wani gurbinsa. Ta ce ya daina fitowa ko falo in an yi baƙi, abinci ma sai an fita an bar shi shi kaɗai yake ci. Ta tambaye ni ko wani abu ya faru a aji. Na ce ta miƙa masa wayar.

"Barista."

"Yallaɓai, ba a barin ajina ba izini. Sannan takalmin nan da ka zana, dunduniyar ta karkace, bakin ya yi faɗi, inuwar kuma ta faɗi ta inda haske yake. Uku bisa goma."

Sai na ji gyaran murya.

"Uku ya yi yawa," in ji shi. "Ƙarfe nawa jibi?"

Ya san lokacin sarai.

Na matsar da kujerarsa ƙarshen layi, ta yadda hagunsa zai kasance ta jikin bango. Wurin ya fi haske ne, shi ke nan.