Batirin da Bello Ya Ɗauke

Illo, daren Laraba

Na faɗi jarrabawar Yukiraniyanci. Tun da yaƙi ya koro mu daga ƙasar masu yaren nake koyonsa ta intanet, don ranar da zan koma karatun likitanci. Na sha wahalar jimlolin nan da ba a faɗin mai aikin, masu ƙarewa da "-no" da "-to", irin "an rubuta" da "an buɗe" namu. Wallahi na iya su.

Ina tsakiyar amsawa caji ya ƙare. Na ruga in jona kwamfuta, babu batirin sola.

"Inna, ina batir?"

"An ɗauka. Yi hanƙuri, za a maido."

"Wa ya ɗauka?"

Ta ci gaba da tsintar shinkafarta.

Ashe Bello ne, ɗan Kawu, ya tsallaka da shi Benin bikin abokinsa. Da ya dawo har dariya ya yi mini: "Ƙasar da ake ruwan bama-bamai, mi za ka yi da yarensu?"

Malamar da ke koya mana yaren ta ce ba zan sake jarrabawar ba sai wani zangon.

Na cire fulogin babur ɗinsa, yana ƙarƙashin filona. Gobe da asuba yana da lodin albasa. Zan shimfiɗa tabarma a ƙofar gida in kalli yadda zai tura.