Sun Shanya Kayan Wanka a Kan Kabarin Maigidan

Anti Maureen,

Don Allah ki taimake ni da shawara kafin in yi abin da zan zo ina da-na-sani. Na sha fara wasiƙar nan ina ajiyewa, don duk sanda na kai tsakiya sai takaici ya hana ni ƙarasawa. Kada ki buga sunana. Danginmu kaf suna karanta filinki, amma idan sun gane ni ma su gane, na gaji.

Ni da mijina Fergus 'yan Invercargill ne, kin kuwa san sanyin garinmu, har cikin ƙashi yake shiga. Tun muna sababbin aure muke zuwa hutu tsibirin Rarotonga, duk shekarar da hali ya yi. Ranar komawa sai na yi hawaye a filin jirgi, shi kuma ya ce, "Bari kuka, wata rana zuwa za mu yi ba komawa." Da yaranmu suka kama gabansu muka sayar da gida muka tattaro. Shi yana gyaran injin kwalekwale da baburan haya, ni kuma ina gasa burodi da kek ina kai wa masaukan baƙi, ranar Asabar in kafa tebur a kasuwa.

Anti, aiki nake yi. Kafin zakarun tsibirin nan su fara cara ina tsaye gaban tanderu, gumi har cikin ido. Idan jirgin ruwan da ke kawo fulawa ya makara, shago-shago nake bi ina roƙon a sayar min da buhu ɗaya. Iskar gishiri ta sa duk wani ƙarfe na gidana tsatsa. Tekun da na baro ƙasata dominsa, na manta rabona da in tsoma ƙafa a ciki. Amma a wurin mutanen gida hutu na zo. Kowa ya kira ni sai ya ce, "Ke kam kin more!" Daga nan sai ki ji, "Za mu ɗan sauka a wurinku, ba za mu takura muku ba." 'Ya'yan kawunnai sun zo, tsohuwar maƙwabciyarmu ta zo, har wata da muka taɓa waƙa tare a coci, wadda sai da na yi da gaske na tuna sunanta, ita ma ta zo da jikokinta. Su tashi da hantsi, su tambayi abin kari, su karɓi makullin babur, su dawo min da yashi har kan gado. Ban taɓa cewa uffan ba.

Abin da ya kawo ni wurinki ya fi wannan. Kin san a nan baƙo ba ya sayen fili, haya ake ba shi. Gidan da muke ciki na dangin Mama Tepaeru ne, wata dattijuwa da ke zaune a bayanmu. Tun makon farko take ce min 'yata. Ita ta tsaya min na samu tebur a kasuwa, ita ta koya min dafa ganyen gwaza da madarar kwakwa, kuma ba a kwana biyu ban tarar da nonon ayaba ko gwanda a bakin ƙofata ba. Kabarin mijinta, Papa Ngatokorua, yana farfajiyar gidan namu kamar yadda al'adar mutanen nan take, an lulluɓe shi da farin tayil, da ɗan rufin kwano da hotonsa. Kullum da safe sai ta zo ta share, ta sake furanni, ta ba shi labarin unguwa kamar yana zaune. Ranar da ta ba mu makulli abu ɗaya ta roƙe mu, ta ce, "Ku kula min da shi."

Watan jiya yayata Bronwyn ta zo da mijinta Graeme, da wasu abokansu mata da miji waɗanda ban san da zuwansu ba sai da na gan su a filin jirgi. Tun kafin su ajiye jaka na nuna musu kabarin na yi musu bayani. Graeme ya yi dariya ya ce, "Kai, mun yi dace, maƙwabcin da ba ya ƙorafi!"

Ranar Lahadi na tafi kai burodi ɗaya gefen tsibirin, na dawo daidai ana tashi daga coci. Anti, abin da idona ya gani! Tawul-tawul da gajerun wandunan wanka a shanye a kan kabarin. Rigar nonon matar abokinsu a rataye jikin hoton Papa, tana ɗigar ruwa. Kular giyarsu a gefen kansa. Graeme kuwa ya haye ya miƙe ƙafa, wai nan ne kawai tayil ɗin ke da sanyi. Ga Mama Tepaeru tsaye da farar rigar cocinta da malafa, matan cocinsu a bayanta. Ba ta ɗaga murya ba. Ta ɗauke tawul ɗin ɗaya bayan ɗaya, ta ninke, ta ajiye a bakin ƙofata. Sannan ta dubi Graeme ta ce, "Ɗana, ɗan matsa, a kan ƙirjinsa kake zaune."

Ni ce na ɗaga murya, har maƙwabta suka leƙo. Na ce su kwashe kayansu su bar min gida yanzu-yanzu. Yaya Bronwyn ta ce, "A kan siminti da tayil za ki kori yayarki?" Na ce mutum ne a ciki, ba siminti ba. Sai ta ce, "Mutum? Ke kin san darajar mutum? Kin gudu kin bar min Baba, ni ce wanka, ni ce ba shi abinci a baki, ke kina nan kina wasa da fulawa a bakin teku!" Wasa, Anti! Na nannaɗe hannun riga na nuna mata ƙunan da ke jikina, ko kallo ba ta yi ba. Suka koma otal, suka bar tsibirin ba sallama.

Tun daga ranar Mama Tepaeru tana amsa gaisuwata, amma na koma "matar Fergus". Na aika mata burodi mai zafi, surukarta ta zo ta ce an gode, Mama tana hutawa. Ƙarshen shekara danginsu za su zauna a kan ko za a sabunta mana hayar, kuma na ji an ce ɗanta da ke zaune a birnin Auckland ya ce baƙi duk halinsu ɗaya. Idan gidan nan ya tafi, tanderuna ya tafi, sana'ata ta tafi, a kan laifin da ba ni na yi ba.

Can gida kuwa Yaya ta bi dangi ɗaya-ɗaya ta ce na yi girman kai, na zaɓi bare na bar jinina. Graeme ya ce ai ba da gangan ba ne, shi ke nan, ko a jikinsa. Abin da ya fi ci min rai shi ne Baba. Tunaninsa yana zuwa yana tafiya, amma duk sanda muka yi waya sai ya ce, "Auta, yaushe zan zo in ga tekun naki?" An shirya za a kawo shi nan bikin cikarsa tamanin, ba zai iya tafiya ba sai da Yaya, ita kuma ta rantse ba za ta sake taka tsibirin nan ba sai na ba su haƙuri, ita da mijinta. Fergus ya ce in bayar kawai a zauna lafiya. Ni in ba Graeme haƙuri? Na me? Wani lokaci ji nake kamar in rufe ƙofata ga duk wanda ya fito daga Invercargill, kowa ya nemi otal. Ki faɗa min gaskiya ko da ba za ta min daɗi ba.

Wadda Ake Zaton Tana Hutu, Rarotonga

*

'Yar'uwa,

Gaskiya kika nema, ga ta. A maganar kabari ke ce da gaskiya, kuma ba ki da haƙurin da za ki ba Graeme. An gaya masa, ya ji, ya mayar da abin raha. Babban mutum da ya ga hoto da furanni ya kuma haye ya zauna, ba rashin sani ne ya sa shi ba, raini ne. Ni da nake karantawa daga nesa ma sai da raina ya ɓaci. Ki gaya wa Fergus zaman lafiyar da za a saya da ba mai laifi haƙuri ba ya daɗewa.

Ki fara da Mama Tepaeru, kuma ki daina aike. Burodi ba ya magana. Ku shirya ke da Fergus ku je da ƙafarku, ku zauna, ki ce mata, "Mama, amana kuka ba mu, baƙinmu suka ci, laifin yana wuyanmu." Kada ki ce ai ba kya gida, ta sani. Kada ki kawo zancen haya ko da wasa, in ba haka ba za ta ɗauka gidan kike wa kuka, ba mijinta ba. Ki tambaye ta abin da ya dace a yi a al'adarsu, ko wanke kabarin ne, ko addu'a, ko zuwa gaban dangi, ki yi shi yadda ta ce. An kunyata ta a gaban matan cocinsu, don haka kada ki sa ran za ta huce a zama ɗaya. Amma ki tuna ta ga yadda kika tsaya wa mijinta a gaban jininki. Dattijuwa irin wannan ba ta manta abu kamar haka.

Yanzu yayarki. Kin ji zafi da ta kira aikinki wasa. To ki sake karanta wasiƙarki: kin ba ni labarin fulawa da tsatsa da zakaru dalla-dalla, amma jinyar Baba layi ɗaya ta samu, shi ma daga bakin Bronwyn. Yaushe rabon da ki kwana a ɗakinsa? Matar da ke wanke mahaifinta tana ba shi abinci a baki, ta samu ta fito ta ɗan numfasa, sai ƙanwarta ta kore ta a gaban abokanta kan laifin mijinta. Maganar da ta yaɓa miki ba ranar ta same ta ba, ta daɗe tana cinta. Ba ta ga ƙunanki ba, ke ma ba ki ga nata ba. Bin dangi da ta yi tana ɓata ki bai dace ba, amma wannan zance ne na wata rana.

Ki kira ta, ita kaɗai. Ki ce ba kya da-na-sanin kare kabarin, amma kina da-na-sanin haɗa ta cikin korar, da kuma barin ta da Baba ita ɗaya. Sannan ki kawo abin da ya fi baki: idan damina ta kama, baƙi suka ragu, ki kashe tanderu ki tafi gida ki karɓi jinyar na wasu makonni, ita ta tafi inda take so ta yi barci. Ki sa wannan ya zama na kowace shekara. Graeme kuma, sharaɗin sake shigarsa farfajiyar nan shi ne ya nemi gafarar Mama Tepaeru da bakinsa. Idan ya ƙi, otal na nan.

Sauran masu ziyara, ba sai kin rufe ƙofa ba, buɗe baki za ki yi. Kin ce ba ki taɓa cewa uffan ba, to ta ina za su sani? Duk wanda ya kira, ki ce masa kina murna, ga masauki mai kyau kusa da ku, za ku ci abinci tare ranar da ba kya aiki. Wanda ya yi fushi da wannan, ba ke ya zo gani ba.

Abu na ƙarshe, kuma shi ya fi gaggawa. Tunanin Baba ba zai jira ku gama rigima ba. Idan Bronwyn ta sauko aka kawo shi, madalla. Idan ba ta sauko ba, kada ki tsaya jiran wanda zai fara lanƙwasawa, ki hau jirgi ki je can ku yi masa bikin, ki zauna kusa da shi tun yana iya gane autarsa.

Allah ya sanyaya zuciyar Mama Tepaeru, ya daidaita ki da yayarki, ya sa wa sana'arki albarka. Ki gaida Baba.

Anti Maureen