Jemagen da na shafa wa lallen Mairo

Laraba, 8 ga Rabi'ul Awwal
Wata malama ta zo Lahodu daga jami'a, Theresa sunanta, wai jemagu taka nema. Jemagu! Ta kafa raga gindin kuka, tana awon kunnuwansu awa tela. Ni da abokina Sa'adu mun yi dariya har munka zauna ƙasa.

Alhamis, 9
Na leƙa tsohon rumbun Baba da hantsi, na kamo guda. Na ɗebi lallen ƙanwata Mairo na shafe mishi baya. In kai wa Malama jan jemage, mu ga iyakar boko.

Asabar, 11
Ban gane ba.
Tana gani tac ce, "Wanga lalle na biki ne ko na sallah?" Sa'adu ya arce ya bar ni. Ta yi mini faɗa don na kama da hannu ba safa, wai suna da cuta. Sai ta juyo fuskarshi. Ta auna fiffike, ta leƙa haƙora, ta buɗe hotuna cikin waya tana gwadawa ɗaya bayan ɗaya. Wai hancin ne. Ni dai hanci nig gani, mummuna, awa ganyen da akuya ta tauna.
"Iliyasu, ina ka samo shi?"
Na ɗauka rama wasana taka yi. Amma ta sake tambaya, ba dariya.

Lahadi, 12
To ni na yi mata wasa, ko wasan ne yay yi ni?

Litinin, 13
Na kai ta rumbun. Ta yanki ɗan fiffike kamar ƙwayar gero ta sa kwalba, ta maida shi cikin 'yan'uwanshi. Ta ce dangin jemagu suna da yawa, kowane da sunanshi, wanga ko ba ta san gidansu ba. Wataƙila ba a taɓa rubuta shi ba, wataƙila an taɓa. Sai an gwada, kuma sai ta dawo ta ga matansu da 'ya'yansu. Nic ce sabo ƙaƙa, alhali tun Kaka na da rai suka kashi cikin rumbun nan? Ta ce sabo ga masu littafi. Har yanzu kaina bai ɗauka ba.
Ta koma Sakkwato. Sai da motar ta tashi na tuna: ran Juma'a Baba zai turara rumbun da hayaƙin barkono, kamar yadda aka yi kafin a zuba sabon gero. Abin da bai gudu ba ya mutu.

Talata, 14
Na gaya wa Baba. Bai ko ɗaga kai daga igiyar da shika tufkawa ba.
"Kai da kas sa kwaɗo cikin butar liman? Yanzu kuma jemage mai daraja?"
Na rantse. Inna tac ce, "Ranar kwaɗon ma ka rantse."
Wayar Malama ba ta shiga.

Laraba, 15
Mairo ta gano lallenta. Wannan ma wani yaƙi ne.

Alhamis, 16
Baba ya tara kashin shanu da barkono gindin rumbu. Yac ce gero ba ya kwana waje don ɓera mai fiffike, in ina da inda za a sa shi in faɗi. Na tafi na leƙa ɗakina.

Juma'a, 17
Kafin a sauko masallaci na kwashe dammunan geron nan kaf na jera cikin ɗakina, har rufi. Wuyana ba ya juyawa. Baba ya tsaya bakin ƙofa ya daɗe, shina neman inda wasan yake. Bai samu ba. Yac ce, "In gara ta taɓa, kai da ni ne." Ya zuba wa barkonon ƙasa ya wuce.
Tabarmata na zaure yanzu. Dama ɗakin zafi gare shi.
Sa'adu ya zo da danƙo wai mu harbo guda mu sa cikin jakar Mairo. Na karɓe danƙon. Yac ce mi ya same ni. Nic ce ba komi.
Da la'asar na leƙa rumbun, haka nan dai. Shina nan rataye cikin sauran, bayan nan ja. Lallen ya fara koɗewa. Ya kamata in riƙe hancin da kyau, kada ya ɓace mini.