Matakalar Masallaci da Hannun Babana

Zuwa ga Alhaji Shugaban kwamitin masallacinmu na Longsight,

Assalamu alaikum. Ina gaishe ku da ƙoƙari, da fatan kun dawo daga Birmingham lafiya. Ni ce Maman Sadik, 'yar dattijon da ya faɗi a ƙofar masallaci ranar Asabar. Na kira wayarku ba a ɗauka ba, na tura saƙo shiru, shi ya sa na rubuta a guruf inda kowa zai gani. Ku yi mini afuwa, hankalina ne ba a kwance ba.

Na ɗaya. Tun kafin dusar ƙanƙarar nan ta sauka masu hasashen yanayi suke ta gargaɗi. Maƙwabtanmu suka sayi gishirin hanya mai narkar da ƙanƙara, suka fito da shebur. Mu ma akwai su a siton masallaci, na sani, domin maigidana ne ya ɗauko buhunan a motarsa. To ina makullin? Yana aljihunku a unguwar Handsworth ta Birmingham, inda kuka je ɗaurin aure hanya ta rufe muku. Makulli ɗaya tal, Alhaji! Haba!

Na biyu. Famfon wurin alwala ya daskare ya fashe, aka kulle ɗakin, ba a ce wa kowa ga yadda za a yi ba. Sai mutane suka yi abin da suka saba a gida: aka cika butoci a kicin, aka tsuguna a bakin matakala ana alwala.

Babana ya zo daga Katsina ne don sunan jikansa. Bai taɓa ganin ruwa ya zama dutse a ƙasa ba. Ya yi alwalar Azahar a nan tare da jama'a, ya dawo La'asar ruwan ya riga ya daskare, ƙafarsa ta farko a matakala ta kwashe shi. Wuyan hannunsa na dama ya karye. Ba zan ɓoye ba, ruwan da ya kayar da shi har da nasa a ciki. Amma wa ya kamata ya gaya masa? Shi baƙon sati biyu, ko ku da kuka yi furfura a garin nan?

Yanzu hannun yana cikin filastar ɗori. Mutumin da bai yarda ko ruwa a miƙa masa a baki ba, ni nake ba shi tuwo da cokali, yana kawar da kai don kunya. Jaririn da ya zo dominsa ma ba ya iya ɗauka. Wallahi abin yana ci mini rai.

Na uku, kuma shi ne ya hana ni zama. An ce wata dusar tana tafe kafin Juma'a. Baba ya rantse ba zai yi Juma'a a ɗaki ba, har ya sa na goge masa babbar riga. Maigidana yana wurin aiki ranar, ni ina jego. Na roƙi Baba, na yi kuka, ya ce shi kam ba a taɓa nemansa a sahu an rasa ba. Kun san dattawanmu. Ina shayarwa ina leƙen taga, ina ajiye yaro ina duba waya.

Abin da nake roƙo kaɗan ne. A yanka makullin sito a ba ladan da wani na kusa. A watsa gishiri kafin kowace salla. Liman ya faɗa da Hausa, ba takardar Turanci a bango ba, cewa kowa ya yi alwala daga gida, kada a zubar da ko ɗigo a ƙofa.

Allah ya ƙara muku lafiya, ya saka muku da hidimar da kuke yi, ya tsare ƙafafunku a kan wannan matakala.

In Alhamis ta yi ban ji komai ba, zan goya Sadik in zo da gishirin miyata in watsa da kaina. Hannu ɗaya ya rage wa Babana.

Wassalam.

'Yarku,
Maman Sadik