Injin Tsakiya da Doyar Maman Rose

Ladan,

Na wuce Maikunkele wurin aiki, ban tashe ka ba. Kada ka tsorata idan ka ga kekenka.

Injin lantarkin nan da Irimiya mai gyara ya ɗaura maka jiya don gwaji, na tsakiya wurin feda, na ce ba za ka hau ba sai ni ubanka na gwada. Na hau zuwa sallar asuba. Ba ka gaya mini da an taka feda yake fizga ba. Na wuce masallaci ina yi wa liman sallama. Sarƙa ta cafke bakin rigata. Tulin doyar da Maman Rose ke saukewa daga mota ne ya tsayar da ni.

Lafiyata ƙalau, gwiwa ce kawai. Tayar gaba ta lanƙwashe, ka yi haƙuri. Doyar da ta fashe tana kicin, tamu ce yanzu. Mamanka tana tsammanin kyauta aka yi mini, ka bar ta a haka.

Na san yau za ka zaɓa tsakanin injinan biyu. Ka ce wa Irimiya ya cire wannan mai ƙarfin, ya sa maka ƙaramin. Hankalina ba zai kwanta ba kana kan wannan abu a titin Kpakungu.

Amma kada ya mayar da babban injin kanti tukuna. Tudun unguwarmu na haye shi ko nishi ban yi ba. Ka kai masa tsohon kekena ya auna ko injin zai zauna a kai.

Babanka