Shirun da Ake Yi wa Nicholas

Kafanchan,
9 ga Agusta, 1976

Baba Eli,

Gaisuwa mai yawa cikin sunan Ubangiji. Yaya ƙafar? Yaya Mama Afiniki da mutanen Sabon Tasha? Mu nan ruwa ya hana mu sakat, ajina ma yoyo yake yi.

Baba, aiki aka jibga mini. Kwamitin Ranar Jaz sun ce bikin kiɗan zai cika shekara goma sha biyar a Oktoba, ni zan rubuta tarihinsa a buga a Jos, wai don ni malama ce, kuma 'yar Luke Kambai. Ka san abokinka, har ya rasu bara bai taɓa zaunar da ni ya ba ni labarin komai ba. Cikin waɗanda suka fara abin, na ɗauka kai kaɗai ka rage.

Abin da kowa ya sani na sani. Asabar ta farko a Oktoba, bayan loko, inda ake ajiye injinan jirgin ƙasa, gindin mangwaro. Idan waƙar farko ta kai wurin da tirampet zai shiga, sai makaɗa su dakata, jama'a su miƙe tsaye, a yi shiru don Nicholas mai tirampet, wanda aka ce ya mutu a rikicin 1966. Har na rubuta wannan shafin, ina ta yaba wa kaina.

Jiya ina neman hotuna a akwatin mahaifina sai na ga wasiƙu uku a ƙarƙashin kwat ɗinsa na zuwa sujada. Daga Enugu suke, hatimin gidan waya ya nuna 1971, 1972 da 1974. A bayan kowacce an rubuta sunan Nicholas. Ba wadda aka buɗe.

Tun jiya na kasa zama wuri ɗaya, na ƙona tuwo, na yi wa Mama tsawa ba dalili. Mai buga takardun yana jira ƙarshen wata. Ka gaya mini gaskiya: ubana ya san mutumin nan yana raye, yake tsayar da gari ana yi masa makoki?

'Yarka,
Irene

Sabon Tasha, Kaduna,
17 ga Agusta, 1976

Irene 'yata,

Alherin Ubangiji ya kasance tare da ke. Ƙafa tana nan, ita ke mulki a gidan nan yanzu. Afiniki tana gaishe ki da mamanki.

Tarihi kike so, ga shi. A 1961 ba biki muka yi niyya ba. Ni ina zuba kwal a injin jirgin ƙasa na layin Kaduna, ina kaɗa ganga. Marigayi Meshak gadin jirgi ne a layin Jos, yana busa saksofon. Nicholas direba ne a layin Enugu. Duk a wurin garmahon babanki muka koyi jaz, faifai uku muke ta juyawa har suka gaji. Layi uku sun haɗu a Kafanchan amma mu ba ma haɗuwa, in na sauka Meshak ya tashi. Babanki shi ne akawun rosta, mai rubuta wa zai ja wane jirgi, wa zai huta. Da fensir da abin goge rubutu ya riƙa lallashin mutane suna musayar aiki, har ya tara mu Asabar ɗaya. Shekarar farko mutum tara suka zo, huɗu ma fakewa ruwa suka yi. Dattawan ikilisiya suka ce kiɗan mashaya ne. Shekara ta uku matansu ne ke sayar da ƙosai a wurin.

Yanzu abin da kika tambaya. A 1966 gari ya fara ɗaukar zafi. Nicholas ya nemi hutu tsakiyar Satumba don ya kai matarsa Catherine gida, tana da ciki wata bakwai. An ba shi. Babanki ya goge, ya mayar da hutun bayan biki, ya ce masa daga sama umarnin ya zo. Ina tsaye a ofis ya yi. Ya ce mini, "Eli, sati biyu ne kawai. Ba tirampet, ba biki." Ban hana shi ba, don ni ma ina son bikin.

Kafin sati biyun su cika abu ya ɓarke. Nicholas da Catherine suka gudu a bayan wata gingimari, daga baya labari ya zo wai ba wanda ya isa gida da rai. Bikin ya tsaya har 1970. Da muka dawo, babanki ne ya kawo wannan shirun, kuma a lokacin da zuciya ɗaya ya yi.

Wasiƙa ta farko da ta zo, ya shigo jirgi ya kawo mini ita har nan. Ya ce, "In na buɗe, ranar mutuwar Catherine zan gani." Na ce ya buɗe, ya ƙi. Oktoba ta zo ya miƙe tsaye kamar kullum, ni ma na ajiye sandunana kamar kullum.

Shawarata, ki bar shafinki yadda yake. Babanki dattijon ikilisiya ne, mamanki tana da rai, a garin nan za ki ci gaba da koyarwa. Ki mayar da wasiƙun inda kika same su.

Babanki,
Eli

Kafanchan,
25 ga Agusta, 1976

Baba Eli,

Ina gaisuwa. Ka yi haƙuri, ban bi shawararka ba. Na kai wasiƙun bakin akwati sau uku ina dawowa da su. A na huɗu na ɗauko wuƙa na farke.

Catherine tana raye, Baba. Tana sayar da atamfa a kasuwa. Cikin ne ya zube a hanya, namiji. Ga abin da Nicholas ya rubuta a ta farko, na kwafe maka: "Luke, na san kai ka goge hutuna. Na ga inda takardar ta yi laushi. Na yi shekara huɗu ina fushi, yunwar yaƙi ta cinye fushin. Har yanzu kuna kiɗa a bayan loko? In kuna yi, a saka ni a rosta."

Ta biyu ya ce wataƙila ta farkon ta ɓata a hanya, ya sake rubuta komai daga farko. Ta uku layi biyu ce. "Na gane. Ba kowa ke son a gan shi da Inyamiri yanzu ba, ba zan ƙara damun ka ba."

Na yi kuka, na kuma ji haushi, har yanzu ban san wanne ya fi yawa ba. Ubana ya mutu yana tsoron takardar da ke neman sa da zumunci. Nicholas kuma yana can yana zaton an guje shi saboda ƙabilarsa. Kai kana tsakiya da sandunan ganga, shekara biyar, ba ka iya sayen kan sarki ɗaya ka rubuta ba. Na faɗa, in rashin kunya ne ka yafe mini.

Sunan mahaifina yana damuna, kada ka ce ba ya damuna. Kullum na wuce ƙofar ikilisiya sai in ji kamar an riga an karanta abin da zan rubuta. Na karanta wa Mama wasiƙun, ta tashi ta shiga ɗaki. Yau da safe ta ce, "Yaron nasu ne, ba namu ba. Ki tambaye su."

Don haka na rubuta wa Nicholas komai, har da rasuwar mahaifina. Na sa masa shafi biyu, tsohon da ya kashe shi da sabon da ya tona ubana. Wanda ya zaɓa shi za a buga. Na roƙi mutanen Jos su ƙara mini sati biyu. Yanzu aikina zuwa gidan waya, har mai ba da wasiƙu ya fara ɓuya in ya hango ni.

'Yarka,
Irene

Enugu,
8 ga Satumba, 1976

Irene,

Na gaishe ki da mamanki. Ki yafe Hausata, ta yi tsatsa. Na san ki kina goye, yanzu ga shi kin aiko mini da labarin mutuwata da ta abokina a ambulan ɗaya. Catherine ta zauna a ƙasa da na karanta mata.

Ki buga shafi na biyu. Amma ki ƙara wannan, da sunana a ƙasa. Da Luke ya tambaye ni a ranar, da na yarda na tsaya. Ina son in busa a bikin nan kamar yadda yake so. Na ga gogewar, na kuma yi shiru, don ta yi mini daɗi. Shekara goma ban gaya wa Catherine ba sai jiya. Kada ki bar shi ya ɗauki kayan shi kaɗai.

Za mu iso ranar Juma'a, ɗaya ga Oktoba, a jirgin rana. Haƙorana na gaba sun tafi, ban san abin da zai fito ba, amma zan gwada. Ki gaya wa Eli ya zo ko da rarrafe ne.

Daga tasha kada ki kai ni masauki. Ki kai ni kabarin babanki, ki bar ni a can ni kaɗai. Ina da faɗan da zan yi masa, ba na son a ji.

Naki,
Nicholas