Ganyen Gwazar Surukata Ba Shi da Laifi

Gwaggo Unaisi, ki taimake ni, bakina ya yanko mini abin da ya fi ƙarfina.

A ƙauyenmu gida-gida ake karɓa-karɓar dafa wa 'yan firamare abincin rana, don a raba su da taliyar leda da biskit. A taron iyaye na miƙe, ni da aji huɗu ya kora, na ce girki ai ba lissafi ba ne, a bai wa maza rana ɗaya. Aka ba ni Juma'a, ranar kifi da ganyen gwaza cikin madarar kwakwa. Matata Vasiti ta ja mini kunne har sau uku cewa ganyen sai ya dahu luguf. To ranar ana wasan zari-ruga a rediyo, ina ganin tukunya ta tafasa na sauke.

Yara arba'in da biyu, Gwaggo, kowa na susar maƙogwaro kamar kaji masu ƙuma. Ba wanda ya kwanta, amma sai da malama ta sallami aji.

Ga inda na ɓata rawata da tsalle. Da aka tambaye ni, sai na ce wataƙila irin ganyen ne. Daga lambun surukata aka tsinko shi, tsohuwar da ta shekara shida tana bai wa makaranta kyauta. Yanzu kwamitin makaranta ya daina karɓar nata, yara kuma sun ƙi duk wani abu kore. Ita kuwa tsohuwa ta ɗauke ƙafa daga makarantar. Taubashina Peniasi ya gano ni, duk inda muka haɗu sai ya sosa wuya ya tambaye ni nawa da nawa aka tashi wasa. Vasiti kuwa tana zuba mini abinci ba ta kallona. Ga shi al'ada ba ta bar ni in yi doguwar magana da suruka ba. In yi shiru har a manta?

Sarkin Girki, tsibirin Kadavu

Sarkin Girki, na sha dariya har na zo kan tsohuwa, a nan na tsaya.

Ɗaukar ludayin da ka yi abin yabo ne, maza da yawa sai dai su miƙo kwano. Ɗanyen ganye kuma babu mai girkin da bai taɓa saukewa ba. Amma ƙaiƙayin yara ya wuce tun ranar, na surukarka yana nan, kuma shiru ba zai warkar da shi ba.

Kunyar suruka hira ta hana ka, ba ta hana ka ban haƙuri ba. Ka nemi saiwar kava mai kyau, wadda a al'adarmu ake miƙa wa manya in za a nemi gafara, ka tafi da dattijon gidanku ya yi magana a madadinka, kai kana zaune a ƙasa. A taron iyaye kuma ka faɗi gaskiya da bakinka, kwamiti ya wanke ta.

Sannan ka roƙi a sake ba ka Juma'a, da ganyen lambunta, tana kan kujera tana cewa ƙara wuta ko sauke. Kai za ka fara kai loma a gaban yara. In sai an yi Juma'a goma kafin su koma ci, to goman suna wuyanka.

Allah ya ba ka ƙarfin gwiwa, ya sanyaya zuciyar tsohuwa.

Gwaggo Unaisi